Wace ce bakandamiyar rok ɗin Birtaniya? Musun da ya ratsa Legas, Kwatano da Agadas

A Zongon Kwatano, bayan an fito sallar isha'i a babban masallaci, hira takan koma gindin masu shayi da masu gasa nama. Ana taɓa farashin kaya a kasuwar Dantokpa, a taɓa ƙwallon Turai, sannan a faɗa musun waƙa: tsakanin Shata da Narambaɗa wa ya fi azanci? A irin wannan zama waƙoƙin Hausa da na finafinan Kano da kiɗan zamani na Legas da Abijan ne ke cika wayoyi. Kiɗan rok na Birtaniya ba ya cikin na gaba. Sai dai wanda ya girma da rediyo da kaset a shekarun 1980 da wuya a ce bai taɓa jin muryar Phil Collins ko jitar Dire Straits ba, ko da bai san sunayen ba.

Turawan Birtaniya ma suna da irin wannan musu, kuma sun mayar da shi sana'a. Mujallu da gidajen rediyo kan fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kowace, a yi ta cacar baki a kai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Afirka ta Yamma tana da hannu a labarin, har da birnin Kwatano.

Mene ne rok ɗin Birtaniya?

Kiɗa ne na ƙungiya, galibi mutum huɗu ko biyar: mai jitar lantarki, mai jita mai kaurin murya, mai ganguna da mai rera waƙa. Ya bunƙasa ne a farkon shekarun 1960. Ƙungiyar Beatles ta tashi a Liverpool a 1960, ta watse a 1970. Rolling Stones ta fara a Landan a 1962, Led Zeppelin a 1968, Queen a 1970, Dire Straits kuma a 1977.

Tushen kiɗan ba na Ingila ba ne. Samarin sun koya ne daga faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun nan, ciki har da tashar Wida da ke yamma da Kwatano. Sunan Rolling Stones kansa daga wata waƙar Muddy Waters aka ciro shi. A 1985 Willie Dixon ya kai Led Zeppelin kotu kan waƙarsu "Whole Lotta Love" ta 1969, yana cewa an ɗebi baitocinsa. An sasanta a wajen kotu, daga baya aka sa sunansa cikin marubutan waƙar.

Da wane mudu ake awo?

Masu jera waƙoƙi suna da mudu uku, kuma kowanne amsarsa daban.

Na farko ciniki ne. Idan yawan faifan da aka sayar a Birtaniya ne ma'auni, "Candle in the Wind 1997" ta Elton John ce kan gaba, wadda ya rera don rasuwar Gimbiya Diana. Masu suka kan ce jimamin jama'a ne ya sayar da ita.

Na biyu shi ne daɗewa a zukatan masu sauraro. A nan "Bohemian Rhapsody" ta Queen ba ta da abokin karawa da yawa. Waƙa ce ta kusan minti shida, tsawon da gidajen rediyo ba su saba da shi ba a lokacin, amma ta yi mako 9 a matsayi na ɗaya bayan fitowarta a 1975. Ta sake komawa can a ƙarshen 1991 da marubucinta Freddie Mercury ya mutu. Shi Mercury a tsibirin Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, kuma a tsakiyar waƙar akwai ambaton sunan Allah da Larabci.

Na uku ra'ayin masana ne. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin waƙoƙi 500 a 2004. "Satisfaction" ta Rolling Stones ta zo ta biyu, "Imagine" ta John Lennon ta uku, "Hey Jude" ta Beatles ta takwas. A 2021 mujallar ta sake zaɓen, ta faɗaɗa masu jefa ƙuri'a. Dukan ukun suka fice daga goman farko, "Respect" ta Aretha Franklin ta hau sama. Waƙoƙin suna nan yadda suke, ko harafi bai sauya ba. Alƙalan ne aka canza, sakamako ya bi su.

Legas, 1973

A 1971 Ginger Baker, makaɗin ganguna na ƙungiyar Cream, ya ratso Sahara da mota zuwa Najeriya. Ya yi kiɗa da Fela Kuti, suka fitar da faifai tare a wannan shekarar, ya kuma kafa ɗakin ɗaukar waƙa a Ikeja.

Shekara biyu bayan haka Paul McCartney na Beatles ya iso Legas da sabuwar ƙungiyarsa Wings, don yin aiki a ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin EMI da ke Apapa. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Mutum biyu sun fice daga ƙungiyar ana gab da tashi, ƴan fashi kuma suka tare shi da wuƙa wata rana da dare, suka tafi da kaset-kaset ɗin gwajin waƙoƙin. Fela ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da McCartney ya gayyace shi ya saurari abin da ake ɗauka kafin ƙura ta lafa. Kundin da ya fito daga wannan wahala, "Band on the Run", shi ne da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyawun aikin McCartney bayan Beatles.

Wannan kamfani na EMI a Legas ya shafi Benin kai tsaye. A shekarun 1970 kamfanin faya-fayai na Albarika Store yakan ɗauki ƙungiyar Orchestre Poly-Rythmo de Cotonou ya tsallaka iyaka da ita zuwa can, saboda na'urorin sun fi inganci.

Rabon Kwatano

Poly-Rythmo, wadda Mélomé Clément ya jagoranta tun ƙarshen shekarun 1960, ta haɗa jitar lantarki da kiɗan gargajiyar kudancin Benin irin su sato da sakpata. Ta yi tashe a gida, sannan aka manta da ita na tsawon shekaru. A 2004 kamfanin Soundway na Birtaniya ya sake fitar da tsofaffin waƙoƙinta, sai Turai ta farga. A 2011 ƙungiyar ta fitar da sabon kundi, "Cotonou Club", kuma a waƙar "Lion Is Burning" mutum biyu daga Franz Ferdinand, ƙungiyar rok ta birnin Glasgow, suka yi kiɗa tare da dattawan. Clément ya rasu a 2012.

Angélique Kidjo ta bi ta ɗaya hanyar. A kundinta "Djin Djin" na 2007 ta ɗauki "Gimme Shelter", waƙar Rolling Stones ta 1969, ta sa mata gangunan Benin, ta rera tare da Joss Stone. Peter Gabriel ma ya sa murya a wata waƙar kundin, wanda ya ci kyautar Grammy a 2008. Don haka duk mai kare "Gimme Shelter" a musu yana da wata tambaya a gabansa: ta Landan ko ta ƴar Benin?

Abin da arewa ta ɗauka

Ƴan Nijar mazauna Zongo sun san amon jitar Agadas. Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, ya sha faɗa cewa yana saurayi ya koyi hannu ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, jagoran Dire Straits. Knopfler da yatsu yake kaɗa jita, ba da ɗan robar da yawancin makaɗa ke riƙewa ba, kuma sautinsa a fili yake, tsirkiya bayan tsirkiya. Kunnen da ya saba da garaya ko gurmi ba ya jin sa baƙo.  Kundin Bombino mai suna "Deran" na 2018 ya shiga takarar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar.

Su ma Turawan sun zo ɗaukar darasi. A Janairun 2003 Robert Plant na Led Zeppelin ya yi wasa a bikin hamada na Essakane, kusa da Tumbuktu.

Mawaƙin da ya ajiye jita

Ga masu sauraro Musulmi, akwai sunan da ke sa musun ya sauya launi: Cat Stevens. An haife shi a Landan a 1948, ya shahara da "Wild World" da "Father and Son" a 1970. A Disambar 1977 ya karɓi Musulunci, daga baya ya koma Yusuf Islam, ya bar dandalin waƙa. A 1983 ya kafa makarantar firamare ta Islamiyya a Landan. Sai a 2006 ya sake fitar da kundin waƙoƙin zamani, bayan ya gamsu cewa hakan bai saɓa wa addininsa ba. Wasu sun yi murna, wasu sun ga ja da baya ne. Sabanin malamai kan kayan kiɗa tsoho ne, kuma a Zongo ma ba a rasa ɓangarorin biyu. Ita "Father and Son" zance ce tsakanin uba mai cewa a yi haƙuri a zauna da ɗa mai son tafiya. Gidan da ya taɓa sallamar yaro zuwa ci-rani ba ya buƙatar tafinta.

Waƙar da ta tara kuɗi ta bar ƙorafi

A ƙarshen 1984 Bob Geldof da Midge Ure suka tara taurarin Birtaniya da Ireland ƙarƙashin sunan Band Aid, suka rera "Do They Know It's Christmas?" don agajin masu yunwa a Habasha. A wannan shekarar fari ya ci Sahel ma, yunwar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari. Waƙar tana cikin waɗanda aka fi saye a tarihin Birtaniya, ita ce kuma ta haifar da gagarumin wasan Live Aid na 13 ga Yulin 1985.

Kuɗin sun ciyar da mutane. Amma masu suka na cewa baitocin sun zana Afirka baki ɗaya kamar fako mara ruwa, mai jiran sadaka. A 2014 Fuse ODG, mawaƙi ɗan asalin Ghana, ya ƙi shiga sabon zubin waƙar saboda wannan dalili. A 2024 Ed Sheeran ya ce da an tuntuɓe shi, da bai yarda a sake amfani da muryarsa ba. Mai son gwada ta da wata sai ya saurari "Biko" ta Peter Gabriel, ta 1980, wadda ta ambaci mutum da sunansa: Steve Biko, da ya mutu a hannun ƴan sandan Afirka ta Kudu a 1977. Tsakanin waƙar tausayi da waƙar girmamawa, kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin bambanci.

Ina ruwan ɗan Zongo?

Hausa tana da kalmar da ta taƙaita dukan wannan musu: bakandamiya, waƙar da mawaƙi ya zuba iyakar fasaharsa. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa. Akwai kuma mudun awo na gida: azanci, zalaƙa, iya zambo da habaici, daɗin amshi, da yadda kiɗa ke zama da magana. Da shi ake auna kotson Ɗanƙwairo, kalangun Shata, kuntigin Ɗan Maraya Jos, ƙwaryar Barmani Choge, da yadda Ɗan Anace ya wasa Shago.

Bambancin yana wajen adana. Kowace waƙar Beatles an san ranar da aka ɗauke ta, da ɗakin, da wanda ya rubuta, shi ya sa jikoki ke iya ci gaba da musun kakanni. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Da yawa daga waƙoƙinsu an rera su ne a fada ko wurin biki ba a ɗauka ba. Waɗanda aka ɗauka suna yawo a katin waya da WhatsApp, sau da yawa babu suna, babu shekara, wani lokaci ma da sunan wani mawaƙin daban. An yi ƙoƙari: akwai rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa, akwai littafin "Shata Ikon Allah" na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa na 2006, akwai kuma taskokin Rediyon Kaduna da Muryar Sahel a Yamai. Sai dai kaɗan daga ciki ne ke isowa Kwatano, Lome ko Kumasi.

Yaron Zongo yana karatu da Faransanci a lakwal, yana ciniki da harshen Fon a kasuwa, Hausa kuma sai a gida da masallaci. Hausar zurfi, ta kirari da karin magana, a waƙa take zaune. Idan dattijo ya ce Narambaɗa ya fi, saurayi ya ce bai yarda ba, dole a kunna waƙar, a tsaya a kan baiti, a fassara kalmar da ta ɓace wa yaro, a faɗi wane sarki aka yi wa ita da dalili. Abin da Poly-Rythmo ta gani ya isa ishara: sai da wani kamfani daga Birtaniya ya tono faya-fayanta kafin duniya ta waiwaye ta. Gidajen Zongo da yawa suna da tsofaffin kaset a akwati. Mayar da su cikin waya, tare da rubuta sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar tun masu sanin suna raye, aiki ne da bai fi ƙarfin majalisar shayi ɗaya ba.