NMR Cikin Sauƙi: Yadda Haidirojin Ke Tona Asirin Sinadari

Shirin yau na ɗaliban kemistiri ne, musamman masu haddace lambobin NMR daren jarrabawa, gari na wayewa su bi iska.

Mu fara daga tushe. A tsakiyar ƙwayar zarrar haidirojin akwai furoton, shi kuwa tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. In aka sa sinadari cikin maganaɗisu mai ƙarfin gaske, furoton ɗin sai su kasu biyu: masu bin layinsa da masu saɓa masa, da 'yar tazarar kuzari a tsakaninsu. Sai a aika musu igiyar rediyo. In ta dace da tazarar nan, su karɓa, su dawo da sigina, kwamfuta ta zana. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan a Amurka, har suka samu kyautar Nobel a 1952.

To me ya hana duk haidirojin su amsa a wuri ɗaya? Ilektron da ke kewaye da kowannensu garkuwa ce. In oksijin na kusa, yakan janye ilektron, garkuwa ta yi rauni, sigina ta matsa hagu, lambarta ta ƙaru. Ana awon da ppm, daga sinadarin TMS da aka ba sifili.

Mu ɗauki itanol, CH3CH2OH. Tambaya uku za ku yi wa zanen.

A ina siginar take? CH3 na wajen 1.2, CH2 kuwa wajen 3.7 saboda yana manne da oksijin.

Yaya girmanta? Filin da ke ƙarƙashin kowace sigina shi ke nuna yawan haidirojin, a nan 3:2:1.

Gida nawa ta rabu? Ku ƙirga haidirojin da ke kan kabon na maƙwabta, ku ƙara ɗaya. CH3 na da maƙwabta 2, ya rabu 3. CH2 na da 3, ya rabu 4. Shi OH galibi tsini ɗaya yake bayarwa, kuma ba ya zama wuri guda.

Kun ga ke nan ba sai an yi hadda ba. Da wannan karatun ake tabbatar da cewa sinadarin da aka haɗa don magani shi ne ba wani ba, kuma a kan wannan ilimi aka gina na'urar MRI ta asibiti.

Aikin gida: asiton, CH3COCH3, sigina nawa zai bayar, kuma don me? Ku turo amsa. Sai shiri na gaba.