Yadda ake dasa dankalin Hausa daga yaɗonsa

Dankalin Hausa, wanda Sakkwatawa ke kira kudaku, ba a shuka shi da ƙwaya kamar gero ko dawa. Yaɗonsa ake yanka a dasa. Saboda haka manomin da ya bari yaɗon ya bushe da rani ya rasa iri, sai ya saya idan damina ta faɗi. A gabashin Jihar Sakkwato, inda ruwan sama bai cika wuce wata huɗu ba, wuraren da yaɗon ke iya tsallake rani su ne masu danshi, kamar fadamun Wurno da Rabah da gonakin da ke shan ruwan Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Kogin Rima.

Sirrin dashen yana cikin gaɓa, wato inda ganye ya fito daga jikin yaɗon. Daga nan saiwa ke tsirowa, kuma wasu daga cikin saiwoyin ne ke kumbura su zama dankali.

Ana yankan tsawon santimita 25 zuwa 30 daga kan yaɗo mai lafiya, ɗan wata biyu zuwa uku. Kan ya fi saurin kamawa, kuma ƙwaron da ke huda dankali ya fi yin ƙwai a gindi, don haka mai yanka daga gindi yana iya kwasar ɓarna zuwa sabuwar gona. Haka kuma a guji yaɗon da ganyensa ya murɗe ko ya yi dabbare-dabbare, domin alamar cuta ce.

Sai a cire ganyen ƙasa, a binne gaɓa biyu ko uku a jikin kunya mai danshi, a bar kan a waje, da tazarar kamar santimita 30. Yamma ta fi dacewa da dashe, lokacin da rana ta yi sanyi. Cikin mako guda saiwa ke fitowa, a haƙa bayan wata uku zuwa huɗu.

Mazaunin birni ma yana iya yin haka a buhu ko bokitin da aka huda gindinsa. A haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye inda rana ke samu, kuma kada ruwa ya kwanta, domin shi ke ruɓar da dashen. Yaɗon zai ƙawata tsakar gida, ɗanyen ganyen ya shiga miya, kuma a samu irin baɗi ba tare da an je kasuwa ba.