Hasumiyar Fitila ta Ankara

Yaron da ya tashi a Hotoro ko Gyaɗi-Gyaɗi ya san Dutsen Dala. A zamanin da, in fatake suka hango Dala daga nesa, sai hankalinsu ya kwanta, sun san sun iso Kano. To, a teku babu turba, babu wanda za a tambaya hanya. In dare ya yi, jirgi yana iya karo da duwatsun gaɓa ya fashe, mutane da dukiya su halaka. Saboda haka ake gina doguwar hasumiya a bakin teku, a ɗora mata fitila a ka.

Akwai irin wannan hasumiya a Ankara, babban birnin Ghana, a unguwar Jamestown. An gina ta farko a 1871. Wadda ke tsaye yanzu kuwa, an gina ta ne a shekarun 1930. Tsawonta ƙafa 93, an shafe ta da fenti ja da fari don a gane ta da rana.

Ga yadda fitilar hasumiya ke aiki. Akan kewaye ta da gilashi mai kauri, wanda ke tattara haske ya jefa shi nesa. Kowace hasumiya da irin ƙyaftawarta. Matuƙi yakan ƙirga ƙyaftawar, ya duba littafinsa, nan take ya san garin da ya dosa.

A da, Ankara ba ta da tashar da manyan jirage za su tsaya. Sai su yada zango can cikin ruwa, kwale-kwale su riƙa kai musu kaya. Haka aka yi ta fama har aka buɗe tashar Tema a 1962.

Hausawa ma sun ci moriyar wannan hanya. Alhassan Ɗantata, kafin ya koma Kano a 1912, yakan sayi goro a wannan ƙasa, ya aika da shi Ikko a jirgin ruwa. Tafiyar da ayari ke yi wata da watanni, jirgi yakan yi ta cikin 'yan kwanaki.

Yau matuƙa suna da na'urori masu nuna musu inda suke. Duk da haka hasumiyar tana nan tsaye, baƙi suna zuwa kallonta.