Su Wane Ne Masu Rawanin Indiya?

 

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya san su: mutum da gemu har ƙirji, ya naɗa rawani mai launi, ga munduwar ƙarfe a hannu. Da yawanmu a nan Maraɗi muna ɗauka malaman Musulunci ne na can, wasu kuma su ce ai Hindu ne. To, duka biyun kuskure ne. Addininsu daban yake, sunansa Sik, ma'anar kalmar kuwa almajiri. Kuskuren nan har rai ya taɓa ci. Ranar 15 ga Satumba 2001, kwana 4 bayan harin da aka kai Amurka, wani ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa a jihar Arizona, don ya ga rawani da gemu ya zaci Musulmi ne. Shi ya sa na ga ya kamata mu san su.

Addinin ya taso ne a Punjab, ƙasar da a yau rabinta ke Indiya rabi ke Pakistan. Wanda ya kafa shi sunansa Nanak, an haife shi a 1469 a wani ƙauye kusa da Lahor, iyayensa Hindu ne. Ya tashi yana cuɗanya da Hindu da Musulmi, har ya yi wa wani gwamna Musulmi aikin kula da rumbun hatsi. Mabiyansa sun ce da ya kai kamar shekara 30 ya shiga kogi wanka ya ɓace kwana 3, da ya fito sai ya fara wa'azi. Ya yi yawo ƙasa-ƙasa tare da abokinsa Mardana, wani Musulmi mai kaɗa rabab, abin kiɗa mai tsirkiya. Koyarwarsa ita ce Ubangiji ɗaya ne, ba a yi masa gunki, kuma asalin haihuwa ba ya ɗora wani a kan wani. Ya hori mutane da ambaton Ubangiji, da cin guminsu, da raba abin da suka samu. Ya rasu a Kartarpur a 1539.

Jin haka kada wani ya ce ai Musulunci ne. Ba su bin Annabi (SAW), ba su salla irin tamu, ba su azumin Ramadan. Sun yarda rai yana sake dawowa cikin wani jiki, abin da littattafanmu ke kira tanasuhi, kuma ƙone gawa suke yi.

Bayan Nanak an yi shugabanni 9 a jere, kowanne ana ce masa Guru, wato malami mai shiryarwa. Na biyu, Angad, shi ya daidaita baƙaƙen rubutunsu, Gurmukhi. Na huɗu, Ram Das, ya kafa birnin Amritsar. Na biyar, Arjan, ya gina babban ɗakin ibadarsu a tsakiyar tafkin garin, ya kuma tattara littafinsu a 1604. Daga nan zamansu da sarakunan Mughal masu mulkin Indiya ya ɓaci. An kashe Arjan a Lahor a 1606 zamanin sarki Jahangir, aka sare kan na tara, Tegh Bahadur, a Delhi a 1675 zamanin Aurangzeb. Sarakunan nan Musulmi ne, kuma Sikawa ba su manta ba har gobe. Wanda zai zauna da su gara ya san da wannan.

Ɗan wanda aka sare wa kai, Gobind Singh, shi ne Guru na goma. A 1699 a garin Anandpur ya kafa jama'ar Khalsa, ya ɗora wa duk wanda ya shiga alamomi 5: gashin da ba a askewa, mataji na katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando, da ƴar wuƙa. Kun ga ke nan, rawanin nan gashi yake rufewa. Maza suka ɗauki sunan Singh, wato zaki, mata kuma Kaur.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da Gobind Singh ya yi kafin rasuwarsa a Nanded a 1708. Bai naɗa magaji cikin mutane ba, sai ya mayar da littafin shi ne Guru har abada. Dalilin da ya sa ake kiransa Guru Granth Sahib ke nan. Shafi 1430 ne, kowane kwafi haka yake, kuma waƙoƙi ne da aka jera bisa karin sauti 31, don rerawa ake yi. Akwai waƙoƙin shida daga cikin shugabannin nasu, da na wasu bayin da ba Sikawa ba, irin su Kabir masaƙi, da Ravidas baduku, da Shehu Farid, sufin ɗariƙar Cishtiyya na ƙarni na 13. Kamar sarki suke riƙe littafin. A ɗora shi kan gadon sarauta ƙarƙashin rumfa, a riƙa yi masa fifita, da dare a kai shi makwanci, da asuba a fito da shi. In za a yi saukarsa ba tsayawa, masu karatu suna karɓar juna, sai ta ci kamar awa 48.

Ɗakin ibadarsu ana ce masa gurdwara, ma'ana ƙofar Guru. Mai shiga zai tuɓe takalmi ya rufe kai. Mafi girma shi ne na Amritsar, Harmandir Sahib, wanda sarkinsu Ranjit Singh ya lulluɓe da zinariya wajajen 1830. Ƙofofinsa 4 ne, alamar kowa na iya shiga ta kowace fuska. Kowace gurdwara tana da ɗakin girki, langar, inda ake ciyar da duk wanda ya zo kyauta, attajiri da matalauci a zaune a ƙasa layi ɗaya. A Amritsar dubun dubatar mutane ke ci kullum.

Wuraren nan sun ga tashin hankali. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, mahaifar Nanak da Kartarpur suka faɗa Pakistan, yawancin Sikawa kuwa suka koma Indiya. Sai a 2019 aka buɗe musu hanya ta musamman ta ziyarar Kartarpur. A Yunin 1984 sojojin Indiya suka afka harabar Harmandir Sahib don fitar da ƴan bindigar da suka fake ciki. A Oktoban shekarar masu gadinta biyu Sikawa suka harbe firaminista Indira Gandhi, aka bi Sikawa da kisa a Delhi, dubbai suka mutu. Bayan shekara 20, a 2004, Manmohan Singh, Basike, ya zama firaministan ƙasar.

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna sun haura miliyan 20 a can, ga wasu a Kanada da Ingila da Amurka da Kenya. In Allah ya kai ɗayanmu karatu ko fatauci ya haɗu da mai wannan rawani, kada ya ja shi zuwa sahu, kada kuma ya miƙa masa taba, don haramun ce a wurinsu. Ya gaishe shi da mutunci. Wallahu a'alam.