Yoyon Hanci Wurin Daka, Ba Kullum Ne Mura Ba

'Yar'uwa, sau nawa kina cikin daka da sassafe a lokacin hunturu, ko kina jan guga a rijiya, sai hanci ya ɓalle da ruwa, ki rasa hannun sharewa? Uwar miji ta ce sanyi ne ya kama ki, a dafa miki citta. To, yawanci ba mura ba ce.

Ga yadda abin yake. Aikin hanci ne ya ɗumama iska, ya jiƙa ta, kafin ta isa huhu. In kin kama aiki mai ƙarfi numfashinki yakan ƙaru, iskar hunturu kuwa busasshiya ce, ga sanyi ga ƙura. Sai hanci ya ƙara fid da ruwa don ya cim ma aikinsa, rarar ce kike gani tana zuba. Haka yake samun 'yan makaranta wurin guje-guje. Wata kuma hancinta yakan buɗe sarai tana cikin aikin, gama jijiyoyin jinin da ke ciki sun tsuke, sai ta zauna hutawa sa'an nan ya toshe.

Ki duba ruwan. In garau yake kamar hawaye, ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, kuma ya ɗauke bayan kin huta, ba komai. Mura takan yi mako guda ko fiye.

Ki ja mayafi ki rufe hanci, ki yayyafa ruwa kafin shara, wurin shiƙa kuma ki ba iska baya. In ya toshe, ki tafasa ruwa kofi guda, ki sa rabin ƙaramin cokali na gishiri, in ya huce ki ɗiɗɗiga.

Amma maganin ɗigawa a hanci da ake saya a kanti, lalle ki yi hankali da shi. Kada ki wuce kwana 3 a jere sai da izinin likita, domin hanci yakan saba, ki bari ya toshe fiye da dā, ki koma ki sake saya. Kafso kuwa ɓarnar kuɗi ce, ba abin da zai yi wa wannan yoyo.

Wanda ba a wasa da shi shi ne tari ya biyo baya, ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙara kamar fito. Mai yiwuwa fuka ce, watau asma. In kin ga haka, ko gare ki ko ga yaronki bayan ya yi gudu, ki ajiye taɓarya ku tafi asibiti.