Siyasar Keke Da Ƙafa: Abin Koyi Daga Ƙasar Makoɗa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ya ratse ya shiga ƙasar Makoɗa, zai ga gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne arzikin mutanen wannan yanki, kuma ba su da rarar da za su zuba a siyasa. Amma a irin waɗannan ƙauyuka na arewacin Kano ne aka taɓa gwada cewa ɗan takara yana iya samun jama'a ba tare da buhun kuɗi ba.

Tushen abin yana komawa ne ga ranar 8 ga Agusta, 1950, lokacin da waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da mawaƙi Mudi Sipikin, da Magaji Ɗambatta, ɗan wannan shiyya. Daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Jam'iyyar ba ta da baitulmali, ba ta da hakimai da dagatai a bayanta. Abokiyar hamayyarta, watau NPC, ita ke tare da sarakuna da En'e.

To, yaya aka yi ta shiga karkara? Da farko dai ta dogara ga masu sana'ar da ke yawo ko ake zuwa wurinsu: teloli, da mahauta, da 'yan koli, da malaman zaure. Ɗan koli da ya ci kasuwar Ɗambatta yau, gobe yana wata kasuwa, kuma duk inda ya shimfiɗa kayansa ya shimfiɗa magana. Wanda ke da keke shi ne manzo. Taron suna da na ɗaurin aure da zaman gindin bishiya bayan sallar la'asar sun zama dandali, musamman da yake samun izinin lacca daga En'e abu ne mai wuya.

Na biyu, ɗan jam'iyya shi ke ba jam'iyya, ba ita ke ba shi ba. Mutum ya yanki kati da 'yan kwabbansa, ya sauki baƙon jam'iyya a zaurensa, ya ciyar da shi. Wanda ya sa guminsa a abu ba ya sayar da shi da arha. Na uku kuwa, waƙa ce ta ɗauki saƙon. Inda masu karatun boko ba su da yawa, waƙar da yaro zai haddace ya rera a bakin rijiya ta fi takarda tafiya.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. An ɗaure 'yan Sawaba da dama a kotunan alƙalai, an yi wa waɗansu bulala, waɗansu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku saboda wannan tafiya. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya tace 'yan takararta kafin a kai Majalisa. Sai a 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya.

An ci moriyar wannan wahala a 1979. Jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU mai alamar mabuɗi, ta fuskanci NPN wadda ta fi ta attajirai nesa ba kusa ba. Duk da haka Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama Gwamnan Jihar Kano, PRP ta kwashe kujerun dattawa biyar na jihar, Malam Aminu kuma ya sami fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un Kano a zaɓen shugaban ƙasa. A shekarar ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Dalilin nasarar a fili yake: manomi ya san abin da aka yi masa alkawari, watau soke haraji da jangali, kuma sabuwar gwamnati ta soke su da hawanta.

Sai dai akwai wani darasi mai ɗaci. Ba a yi nisa ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ba a ɗinke ɓarakar ba. Abin da talakawa suka gina cikin shekaru talatin, rikicin manya ya raunana shi cikin shekaru uku.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarje wa ɗan takarar gwamna ya kashe har naira biliyan ɗaya, na Majalisar Jiha naira miliyan 30. Ɗalibin da ya ji waɗannan alƙaluma zai iya fid da rai, ya ce siyasa ta masu hannu da shuni ce. Amma kasuwa tana nan tana ci, ana suna, ana ɗaurin aure, manoma na gayya. Babur ya maye gurbin keke, rediyo da wayar hannu sun rage nisa. Abin da ake bukata shi ne mutum ya zauna da jama'a tun kafin kakar zaɓe, ya san damuwarsu ta taki da ruwan sha da asibiti, ya ɗauki alkawari ɗaya ko biyu da zai iya cikawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara zuwa Koguna mako guda kafin zaɓe da atamfa da sabulu ya sani cewa duk wanda ya fi shi kaya zai iya karɓe masa mutanen a rana ɗaya.