Coober Pedy: Garin da ake kai yara yawon buɗe ido a ƙarƙashin ƙasa

Idan Allah Ya kai ku Ostireliya da iyali, ko don karatu, ko aiki, ko ziyarar ɗa ko 'yar da ke zaune a can, za ku lura kusan kowa a bakin teku yake. Manyan biranen, irin su Sydney da Melbourne da Adelaide, duk a gefen ƙasar suke. Tsakiyarta kuwa fili ne fetal mai jan ƙasa, wanda suke kira Outback, inda mutum kan yi tafiyar awa biyu ko uku a mota bai ga gida ko ɗaya ba. A cikin wannan ƙungurmin daji akwai ƙananan garuruwa jefi-jefi, kuma a ganina wanda ya fi dacewa a kai yara shi ne Coober Pedy, a jihar Ostireliya ta Kudu. Dalili kuwa shi ne kusan duk abin kallon garin a ƙarƙashin ƙasa yake, inda rana ba ta isa. Amma ramukan da suka sa garin ya yi suna su ne kuma babban haɗarinsa ga ƙaramin yaro, don haka sai an tafi da shiri.

Garin yana da nisan kusan kilomita 850 arewa da Adelaide, a kan babbar hanyar Stuart, kuma mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Tarihinsa ma da yaro ya fara. A 1915 wasu masu neman zinare suka yada zango a wurin, sai wani ɗan shekara 14 mai suna Willie Hutchison da ke tare da mahaifinsa ya tsinci ofal, wani dutse mai daraja da ke walƙiya da launuka iri-iri idan an juya shi a haske. Daga nan mahaƙa suka yi ta tururuwa. A 1920 aka sa wa garin sunan da yake amsawa yau, daga kalmomin 'yan asalin ƙasar da aka fi fassarawa da ramin farar fata. Babban titin garin har yanzu sunan Hutchison yake ɗauke da shi. Ku ba yaranku wannan labari tun a mota, za ku ga yadda za su matsu a isa.

Abu na farko da za ku yanke shawara a kai shi ne lokaci. Yanayinsu kishiyar na ƙasashen Turai ne: Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi, kuma a Coober Pedy yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Kada wani ya ce ai mu mun saba da rana. Wanda ya saba da rana a gida ya san inda zai sami inuwar darbejiya da mai sayar da ruwan leda. Can babu itace babu mai talla. Ruwan saman da suke samu a shekara guda bai kai milimita 200 ba, abin da Abuja kan samu fiye da shi a watan Agusta kaɗai. Daga Afrilu zuwa Oktoba ne lokacin kai yara. A Yuni da Yuli rana takan yi daɗi, amma dare na da sanyi ƙwarai, sai da rigar sanyi da safa.

Ku nemi masauki a ƙarƙashin ƙasa, ko da na kwana ɗaya ne, domin shi kansa kwanan yana cikin abin da aka je gani. Kusan rabin mutanen garin a irin waɗannan gidaje suke zaune. Kada ku ɗauka rijiya ake zurawa; yawanci gefen tudu ake faƙewa a shiga ciki, ƙofa tana daidai da titi, a ciki kuma ga falo ga ɗakuna ga kicin ga wutar lantarki. Bangon dutse ne mai ratsin ja da ruwan hoda, ana shafa masa wani abu don kada ya riƙa zubar da ƙura. Ko ana narkewa a waje, ciki yana nan wajen digiri 23 zuwa 25 ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Idan kun ga bututu suna leƙowa daga saman tudu, hanyar iskar gidan wani ce. Ana cewa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda suka saba da zaman ramuka a fagen daga, su ne suka fara wannan gini. Abu ɗaya da iyaye mata za su kula da shi: ɗakin ba shi da taga, idan aka kashe fitila duhun ya wuce duk wanda yaro ya taɓa gani, kuma shiru ne ɗif. Ku tafi da 'yar fitilar dare. Ku kuma saita agogo don sallar asuba, saboda babu kiran salla babu carar zakara, hasken gari ma ba zai shigo ya tashe ku ba.

Da hantsi, sai a nufi tsofaffin ma'adinan da aka mayar gidan tarihi. Akwai Old Timers Mine, wanda aka haƙa tun 1916, inda ake ba kowa hular kwano ya bi ta cikin lungunan da mahaƙan farko suka sassaƙa da diga da shebur. Rufin yana da ƙasa-ƙasa a wasu wurare, don haka hular ta fi yi wa maigida amfani fiye da yara. Akwai kuma Umoona, a kan babban titi, mai ma'adini da gidan tarihi a haɗe. A nan ne yara za su ji abin da zai ba su mamaki: wannan busasshiyar ƙasa da teku ce, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Shi ya sa mahaƙa kan tono ƙwaryar kifin teku da ƙasusuwan dabbobin ruwa da suka rikiɗe suka zama ofal. Ruwa mai ɗauke da narkakken sinadarin yashi ne ya riƙa tsiyaya cikin tsagogin dutse, ya daskare a hankali a tsawon zamani. Har wata dabbar ruwa ta zamanin da aka sa wa suna Umoonasaurus saboda a yankin aka sami ƙasusuwanta. Yaron da ke aji huɗu na firamare zai koma makaranta da abin faɗa.

Ga 'yan mata kuma, ku kai su gidan Faye. Wata mata ce mai suna Faye Nayler, ita da ƙawayenta biyu suka haƙa shi da hannu a shekarun 1960, a lokacin da ake ganin haƙa aikin maza ne. Akwai kuma cocin Sabiyawa da aka sassaƙa cikin dutse, wanda masu ziyara kan shiga don ganin aikin rufinsa.

Abin da yara suka fi so, duk da haka, kyauta ne. A gefen gari akwai filin da aka ware wa jama'a, inda aka zubar da ƙasar da aka fito da ita daga ramuka, kowa na iya zama ya tona da hannu ko zai dace da ɗan guntun ofal da ya kuɓuce wa mahaƙa. Ba a yarda a yi amfani da diga ko inji ba sai da lasisi, kuma ba a shiga filin da wani ya kafa wa turaku, domin wannan sata ce a wurinsu. Ku tambayi ofishin baƙi na garin su nuna maku wurin da aka halatta. Ku faɗa wa yara gaskiya tun farko: yawancin abin da za su tsinta farin dutse ne ko toka-toka marar launi, wanda ba ya da kuɗi. Ku riƙe 'yar gorar ruwa don jiƙa dutsen, launi ya fi fitowa idan ya jiƙe. Awa ɗaya da safe ko bayan la'asar ta isa.

Kewaye da garin akwai dubban ramukan haƙa, da yawansu a buɗe, ba murfi ba shinge, wasu zurfinsu ya kai mita 30. Bakin ramin bai fi faɗin rijiya ba, kuma yakan ɓuya a bayan tulin farar ƙasa irin wadda yara ke son hawa. Allunan gargaɗin garin sun yi suna a duniya: suna hana gudu, suna hana tafiya da baya. Na biyun saboda masu ɗaukar hoto ne, waɗanda kan riƙa ja da baya ido na kan waya. Wanda ya san tsofaffin ramukan kuza na Jos ya san irin ɓarnar da ramin da aka bari ke yi. Dokar da za ku kafa wa yara tun kafin a sauka daga mota ita ce, wajen gari ba mai sakin hannun babba, ba mai hawa tulin ƙasa, ba mai fita bayan magariba. Idan kuna son ganin filin haƙar da ake aiki a cikinsa, ku bi masu jagora da ke da izini. Kada maigida ya ce zai kutsa da mota shi kaɗai don ya ga hanya a taswira.

Da yamma akwai wurare biyu. A cikin gari, shagon zane-zane na Josephine yana renon 'ya'yan kangaru marayu, yawanci waɗanda mota ta kashe uwayensu, kuma akan bari baƙi su kalli yadda ake ba su madara. Ku tambayi lokacin tun da safe. Sai tudun Big Winch, inda ake hango garin gaba ɗaya, da kuma itacen da aka ƙera da tarkacen ƙarfe a zamanin da garin ba shi da itace ko ɗaya. Filin wasan golf ɗinsu ma ba ciyawa, ɗan wasa kan riƙe 'yar guntuwar ciyawar roba yana yawo da ita.

Idan kuna da cikakken yini, ku fita zuwa Kanku-Breakaways, wajen kilomita 30 arewa da gari. Tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, fari da ja da ruwan ɗorawa, launinsu na sauyawa yayin da rana ke faɗuwa. Wurin na 'yan asalin ƙasar ne, al'ummar Antakirinja Matu-Yankunytjatjara, kuma yana da alfarma a wurinsu: ana sayen takardar shiga, ba a hawa tuddan, ba a ɗaukar dutse a tafi da shi. A hanyar za ku ga shingen waya da aka yi don hana karnukan daji da suke kira dingo shiga yankin masu kiwon tumaki. Tsawonsa ya haura kilomita 5,600. Hanyar ba kwalta, saboda haka ku duba takardar hayar motarku, kamfanoni da yawa ba su yarda a sauka daga kwalta ba.

Batun hanya shi ne sauran aikin. Daga Adelaide tafiyar awa tara ce ko fiye, kuma da yara gara a raba ta biyu a kwana a Port Augusta. Daga Glendambo zuwa Coober Pedy akwai wajen kilomita 250 ba gidan mai, don haka a cika tanki a can ko da rabi ne ya rage. Ta hagu suke tuƙi. Doka ta wajabta kujerar yara ta musamman ga duk wanda bai kai shekara bakwai ba, kuma ba a goyo ko riƙe jariri a cinya. Kada ku yi tuƙi da asuba ko magariba ko dare, lokacin ne kangaru da shanu ke hawa titi. Ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zaton za ku sha, jarka guda ta ajiya ban da ta sha. In mota ta lalace, a zauna kusa da ita, kada kowa ya tafi neman taimako a ƙafa. Mota ake fara hangowa kafin mutum. Layin waya yakan ɗauke a tsakanin garuruwa, saboda haka ku sanar da wani lokacin da kuka tashi da lokacin da kuke sa ran isa. Lambar gaggawa 000 ce. Garin na da ƙaramin asibiti, babbar matsala kuma likitocin jirgin sama, hidimar da aka kafa tun 1928, su ke ɗaukar mutum zuwa birni. Duk da haka, yaron da ke shan maganin asma ko sikila ku tafi masa da isasshe daga birni, tare da takardar likita.

Iskar wurin busasshiya ce kamar ta hunturu, gumi na bushewa kafin a gan shi, yaro sai ya rasa ruwa ba wanda ya lura. Ku riƙa ba su ruwa ba sai sun nema ba. Fitsari kaɗan mai duhu, bushewar leɓe, kuka ba hawaye, ko yaro mai ƙiriniya ya yi laƙwas, duk alamu ne. A kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, in bai farfaɗo ba a tafi asibiti. Baƙar fata ba ta hana ranar Ostireliya ƙona mutum, a sa masu malafa da man kare rana, zabiya kuma ya fi kowa buƙata. Ƙudajen daji ba sa cizo amma suna nacin ido da baki, ana sayar da ragar fuska da ake ɗorawa kan hula. In maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a wankewa: a naɗe gaɓar gaba ɗaya da bandeji tamau, a hana shi motsi, a kira 000.

Abinci kuwa, akwai kanti da 'yan gidajen abinci, amma kada ku dogara da samun naman halal. Ku saya a Adelaide ku zuba a kula mai ƙanƙara, ku kama masauki mai kicin, ko ku tsaya kan kifi da ƙwai da kayan lambu. Alƙibla a can yamma take da ɗan karkata zuwa arewa, abin da yaran da suka saba fuskantar gabas za su yi ta tambaya a kai. Ku gaya masu cewa Musulmi sun riga motoci shiga wannan daji: tun shekarun 1860 aka kawo masu raƙuma daga Afganistan da yankunan da ke Pakistan da Indiya a yau, su suka riƙa kai kaya garuruwan tsakiyar ƙasar, kuma don tunawa da su ake kiran jirgin ƙasan da ke ratsa yankin The Ghan.

Kafin ku bar gida, ku tabbata kowa daga ɗan shekara ɗaya yana da katin rigakafin shawara, domin ana neman sa daga wanda ya fito daga Najeriya. Kilishi da dambun nama da daddawa kuma kada Hajiya ta cusa su a ƙasan akwati. Ostireliya na da tsauri a kan shigo da nama da iri da ganye. Duk abincin da ke hannunku ku rubuta shi a katin shiga, jami'an su duba su ce wanda zai wuce. Wanda ya ɓoye aka gano, tara mai nauyi ce, wani lokaci har da soke biza tun a filin jirgi.